Kwandalolin Tunawa: Tarihin da Ake Bugawa a Jikin Ƙarfe

Kwandalar tunawa ita ce tsabar kuɗin da hukuma ke bugawa musamman domin wani abu da take so kada a manta da shi, kamar ranar samun 'yancin kai, ko nasarar yaƙi, ko rasuwar wani shugaba, ko wani gini da ƙasa ke tinƙaho da shi. Abin da ya bambanta ta da kwandalar yau da kullum shi ne zanen da ke jikinta na ɗan lokaci ne: a buga shi shekara ɗaya ko biyu, sannan a jingine hatimin. Abin da kuma ya raba ta da lambar yabo shi ne an rubuta mata daraja, naira kaza ko dala kaza, kuma doka ta yarda da ita a matsayin kuɗi. Lambar yabo, ko da ta zinariya ce, ba a karɓar ta a kanti.

Iri biyu ake bugawa. Akwai wadda ake zubawa cikin kasuwa da ƙarfen da aka saba, ta shiga hannun mai shayi da direba da ɗan makaranta, ana ba da canji da ita kamar sauran. Akwai kuma wadda ake yi da azurfa ko zinariya, a goge ta har ta riƙa ɗaukar ido, a sa ta cikin ɗan akwati, a sayar wa masu tara kuɗaɗen tarihi a kan farashin da ya ninka abin da aka rubuta a jikinta. Ta biyun ta fi kyau da tsada, amma ta farkon ce ke yin ainihin aikin da aka ƙirƙiro abin dominsa, domin ita ce talaka ke gani.

Daga Lidiya zuwa Rum

An fara buga kwandala a ƙasar Lidiya, yammacin Turkiyya ta yau, a ƙarni na 7 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), da wani ƙarfe wanda zinariya da azurfa ke gauraye a cikinsa tun daga ƙasa. Ba a daɗe ba masu mulki suka gane cewa wannan ɗan ƙarfen yana kaiwa inda mai shela ba ya kaiwa. A zamanin da babu jarida, kuma akasarin jama'a ba sa karatu, hoton da ke jikin kuɗi shi ne saƙon sarki da ke shiga kowane ƙauye da kowane sansanin soja.

Rumawa ne suka fi kowa amfani da wannan dama. Bayan kisan Julius Kaisar a ranar 15 ga Maris na shekara ta 44 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), Burutus, ɗaya daga cikin jagororin makasan, ya sa an buga kwandala da zai biya sojojinsa da ita. A fuskarta hotonsa ne, a bayanta kuma wuƙaƙe biyu ne, a tsakaninsu hular da ake sa wa bawa ranar da aka 'yanta shi, a ƙasa kuma an rubuta ranar kisan a taƙaice. Ma'anar a fili take: da waɗannan wuƙaƙen aka 'yanta Rum. Burutus bai yi nisa ba, ya sha kashi a yaƙin Filibi a shekara ta 42 kafin haihuwar Annabi Isa (AS) kuma ya kashe kansa, amma kwandalar tana nan. Wata ta zinariya daga cikinsu an sayar da ita a gwanjo a Landan a 2020 a kan sama da fam miliyan 3 idan an haɗa da la'ada, daga baya bincike ya nuna cewa fitar da ita aka yi ba bisa ƙa'ida ba, aka mayar wa ƙasar Girka a 2023.

Sarakunan da suka biyo baya sun mai da hankali kan gine-gine. Sarki Nero ya buga kwandalar tagulla mai nuna tashar jiragen ruwa ta Ostiya, inda ake sauke hatsin da ke ciyar da birnin Rum, da jiragen a tsaye cikin ruwa. Sarki Titus, da ya buɗe katafaren filin wasan nan na Kolosiyum a shekara ta 80 Miladiyya, ya sa an zana ginin a kwandala ta yadda mai kallo zai ga bangon waje da gumakan da ke cikin bakunansa, ya kuma hango kawunan 'yan kallo jere a ciki. Gumakan sun ɓace tun da daɗewa, rabin bangon waje ya zube, maɓuɓɓugar ruwan da aka zana a gefen ginin ma an rushe ragowarta a 1936. Wanda ke son ya san yadda wurin yake a ranar buɗe shi, kwandalar Titus na cikin shaidu mafi kusa da zai samu. A shekara ta 248 kuma Sarki Filib, wanda ake wa laƙabi da Balarabe saboda asalinsa daga yankin Sham, ya yi bikin cikar birnin Rum shekara 1,000, ya buga kwandaloli masu hotunan namun dajin da aka kawo domin wasannin bikin, har da zaki da dorina.

Misalin da ya fi nuna amfanin wannan al'ada ga masana tarihi shi ne hasumiyar Iskandariyya ta Masar, wadda ake kunna wuta a samanta domin haska wa jiragen ruwa hanya. Ta yi sama da shekara 1,500 a tsaye kafin girgizar ƙasa ta cinye ta. Ibn Battuta ya tarar da gefe ɗaya nata ya rushe a 1326, da ya dawo a 1349 kuwa ko shiga ba ta yiwuwa. Sarki Ƙaitbay ya gina ganuwarsa a kan tushenta wajen 1477. Daga cikin 'yan abubuwan da suka rage masu nuna siffarta akwai kwandalolin da aka buga a birnin a zamanin mulkin Rumawa, inda ake ganin dogon ginin da tagoginsa, da mutum-mutumin da ke can ƙololuwa.

Rubutu a maimakon hoto

Daular Musulunci ta bi wata hanyar daban. Da farko Musulmi sun ci gaba da amfani da dinarin Rumawa da dirhamin Farisa, suna ɗan sauya zanen. A shekara ta 77 bayan Hijira, wajen 696 zuwa 697 Miladiyya, Halifa Abdulmalik bin Marwan ya fitar da dinarin zinariya wanda babu hoton kowa a jikinsa, sai kalmar shahada da ayoyi da shekarar bugawa. Wannan tsari ya zama abin koyi na ɗaruruwan shekaru daga Andalus har Indiya.

Rashin hoto bai hana kwandala ɗaukar labari ba. Ambaton sunan sarki a huɗubar Juma'a da buga sunansa a jikin kuɗi su ne manyan alamu biyu na mulki, saboda haka duk wanda ya ci gari, abin da yake fara yi ke nan. Da Halifa Ma'amun ya naɗa Ali al-Rida magajinsa a shekara ta 201 bayan Hijira, an buga dirhamai masu ɗauke da sunan sabon magajin. Tun da yake dirhami kan faɗi garin da aka buga shi da shekarar, masana na iya bin sawun wace daula ce ke riƙe da wane gari a wace shekara, ko da littattafan tarihi sun yi shiru ko sun saɓa wa juna. Dinaran Murabiɗai da aka buga a Sijilmasa kuwa, da zinariyar da ayarin raƙuma ke ɗaukowa daga Afirka ta Yamma aka yi su.

Yadda abin ya zama sana'a

Kwandalar tunawa irin ta zamani, wadda ake tsarawa jeri-jeri, ta bunƙasa a ƙasashen Jamusawa. Sarki Ludwig na Ɗaya na Bavariya, wanda ya yi mulki daga 1825 zuwa 1848, ya riƙa fitar da manyan kwandalolin azurfa domin muhimman abubuwan zamaninsa, har da buɗe layin dogo na farko a Jamus tsakanin Nuremberg da Fürth a 1835.

Amurka ta shigo a 1892 da rabin dala mai hoton Kolumbus, domin baje kolin duniya na birnin Chicago da aka shirya don cika shekara 400 da isarsa nahiyar. An sayar da kowace ɗaya a kan dala guda, ribar ta tafi ga masu shirya bikin. Wannan ribar ce ta zama matsala daga baya. A shekarun 1930 ƙungiyoyi da 'yan kasuwa suka riƙa matsa wa majalisa ta amince musu da kwandala domin bukukuwan da ba su taka kara sun karya ba, su karɓe duka, su riƙa fitarwa kaɗan-kaɗan suna tsawwala farashi. Wadda aka yi domin tunawa da hanyar da 'yan ci-rani suka bi zuwa Oregon an yi ta maimaita buga ta daga 1926 har 1939. Majalisa ta taka wa abin birki, kuma bayan 1954 aka daina gaba ɗaya har sai 1982. A cikin na ƙarshe-ƙarshen akwai rabin dala ta 1946 mai hoton Booker T. Washington, malamin da aka haifa cikin bauta ya kuma kafa makarantar Tuskegee, kuma shi ne baƙar fata na farko da hotonsa ya hau kuɗin ƙarfe na Amurka. Da aka dawo da shirin, an gyara shi ta yadda ƙarin kuɗin zai tafi ga wani aiki sananne. Kwandalolin 1986 sun tara miliyoyin daloli da aka yi amfani da su wajen gyaran mutum-mutumin 'yanci na New York, wanda ya cika shekara 100 a lokacin. Wata doka ta 1996 kuma ta taƙaita irin wannan shiri zuwa biyu a shekara.

Wasu kwandalolin da aka yi domin tunawa sun zauna daram sun zama kuɗin kullum. Santi ɗaya mai hoton Lincoln an fara shi ne a 1909 domin cika shekara 100 da haihuwarsa, kwata, wato santi 25, mai hoton George Washington kuma a 1932 domin cika shekara 200 da haihuwarsa.

Shirin da ya fi kowane karɓuwa shi ne na jihohi 50, daga 1999 zuwa 2008. Kowace shekara jihohi biyar ke samun nasu zanen a bayan kwata, wato santi 25, bisa jerin shigarsu tarayya, daga Delaware har zuwa Hawaii. Jihohin da kansu suka zaɓi abin da za a zana, wasu ta hanyar gasa, wasu ta ƙuri'ar jama'a, kuma muhawarar da aka tafka a kan wane dutse ko wace gada ko wane gwarzo ne ya cancanci wakiltar jiha ta koya wa mutane tarihin garuruwansu fiye da yadda aka zata. An buga sama da biliyan 34, kuma an ƙiyasta cewa kusan rabin jama'ar ƙasar sun tara su ko da kaɗan ne, yara na duba canjin iyayensu suna neman jihar da ta rage musu. Jihar New Hampshire ta zaɓi wani dutse da ke gefen tsauni mai kama da fuskar tsoho, aka buga a 2000. Ranar 3 ga Mayu 2003 dutsen ya rufto. Daga 2010 zuwa 2021 aka biyo da wani jerin na kwandaloli 56 masu nuna gandun daji da wuraren tarihi na ƙasar.

Kuɗi ɗaya, tarihi daban-daban

Da ƙasashen Turai suka haɗa kuɗinsu, sun fuskanci tambayar ginin wace ƙasa za a sa a bar na wace. A takardun yuro sun kauce wa rigimar ta hanyar zana gadoji da tagogi na ƙirƙira, waɗanda ba kwafin wani gini na haƙiƙa ba ne. A kwandaloli kuwa, da suka fara yawo ranar 1 ga Janairu 2002, an bar wa kowace ƙasa fuska ɗaya ta zana abin da take so. Tun daga 2004 aka ba da damar buga yuro 2 na tunawa, Girka ta fara da gasar Olamfik ta Atina, kuma a yanzu kowace ƙasa na iya fitar da biyu a shekara. Duk wadda aka buga tana aiki a dukkan ƙasashen da ke amfani da yuro.

Jamus ta yi amfani da damar ta bi jihohinta 16 ɗaya bayan ɗaya, ta fara da tsohuwar ƙofar garin Lübeck a 2006, daga baya aka ga babban cocin Kolon da fadar Neuschwanstein. Sifen ta zaɓi wuraren da hukumar UNESCO ta sa cikin kayan gadon duniya, kuma biyun da ta fara da su duk gadon Musulmin Andalus ne. A 2010 ta buga ginshiƙai da bakunan babban masallacin Ƙurɗuba, wanda Abdurrahman na Ɗaya ya fara ginawa wajen 785, aka mai da shi coci bayan Kiristoci sun ci birnin a 1236. A 2011 ta buga farfajiyar zakoki ta fadar Alhambra da ke Garnaɗa, mazaunin daular Musulmi ta ƙarshe a ƙasar, wadda ta faɗi a 1492. Ƙasar da ta kori Musulmi ƙarnuka da suka wuce ita ce yau ke gabatar da gine-ginensu a sahun farko na abin alfaharinta, kuma wannan sauyin tunani yana da daraja.

Ba kowane tarihi ne maƙwabta ke yarda a tuna ba. A 2015 Beljiyam ta shirya yuro 2 domin cika shekara 200 da yaƙin Waterloo, inda aka karya Napoleon a cikin ƙasarta. Faransa ta ƙi amincewa, tana ganin bai dace kuɗin da ke yawo a aljihun Faransawa ya riƙa murnar kayen da suka sha ba. Beljiyam ta janye bayan ta riga ta buga kimanin 180,000, sannan ta fitar da zanen a kwandalar yuro 2.50, wadda doka ta yarda ƙasa ta buga domin amfanin cikin gida kawai ba tare da neman yardar kowa ba. Ingila ma ta ga yadda siyasa ke riga ƙarfe sauri: kwandalolin fam rabi da ta buga domin ficewarta daga Tarayyar Turai suna ɗauke da ranar 31 ga Oktoba 2019, aka ɗage ficewar, dole aka narkar da su aka sake bugawa da 31 ga Janairu 2020. Cikin kwandalolin Ingila akwai wadda ta shafi Afirka ta Yamma kai tsaye, wato fam 2 ta 2007 domin cika shekara 200 da haramta cinikin bayi, inda aka mai da sifirin da ke cikin 1807 ya zama tsinkakken zoben sarƙa.

A nahiyar Afirka

Ga ƙasashen da suka fito daga mulkin mallaka, cire kan sarkin Turawa daga kuɗi shi kansa shela ce. Ghana ta yi haka a 1958, shekara ɗaya bayan 'yanci, ta sa hoton Kwame Nkrumah da rubutun Latin mai kiran sa wanda ya kafa ƙasar, ta kuma buga sule goma na azurfa domin tunawa da ranar 6 ga Maris 1957. 'Yan adawa sun soki matakin tun a lokacin. Bayan juyin mulkin Fabrairun 1966, sabuwar gwamnati ta fitar da sabon sidi a 1967 babu hotonsa.

Masar ta fi yawancin ƙasashen nahiyar riƙo da wannan al'ada. Ta buga kwandalar azurfa a 1956 bayan Jamal Abdunnasir ya ƙwace mashigin Suwez daga hannun kamfanin Turawa, da hoton ginin kamfanin a Port Sa'id. Ta buga wasu a 1964 lokacin da aka karkatar da kogin Nilu domin gina babbar madatsar Aswan, ta kuma buga fam na azurfa domin cikar masallacin Azhar shekara 1,000. A 2015 ta zuba fam ɗaya na tunawa da faɗaɗa mashigin Suwez cikin kasuwa. Afirka ta Kudu ta yi rand 5 a 1994 domin rantsar da Nelson Mandela, da hoton fadar gwamnati ta Pretoria, ta sake yin wasu a 2008 da ya cika shekara 90, da 2018 da aka cika shekara 100 da haihuwarsa. Mutane da yawa sun ɓoye su a gida saboda ƙauna ko fatan za su yi tsada.

A Nijar an buga kwandalolin zinariya da azurfa masu ɗauke da shekarar 1960 da hoton Diori Hamani domin tunawa da 'yancin kai, amma na masu tarawa ne, ba su shiga kasuwa ba. Kuɗin da ke hannun jama'a sefa ce, wadda ƙasashe takwas ke tarayya a kanta, saboda haka babu ginin wata ƙasa guda a jikinta. Alamar da ke kanta siffar wani kifi ce mai baki kamar zarto, wadda aka ɗauko daga ma'aunan tagulla da mutanen Akan ke auna garin zinariya da su.

Najeriya ba ta cika buga kwandalar tunawa ta kasuwa ba, amma kuɗinta na kullum sun zama tarihi da kansu. Anini da kwabo masu huji da aka fara kawowa a 1907 suna da rubutun Larabci a jikinsu, kuma aninin farko da sanholo aka yi shi, abin da ya sa ake lissafa shi cikin kwandalolin farko a duniya da aka yi da wannan ƙarfe. Na 1959, waɗanda Babban Bankin Najeriya ya fara fitarwa, sun nuna arzikin gona: auduga a taro, koko a sisi, kwakwar manja a sule, gyaɗa a sule biyu. Da aka koma naira da kwabo ranar 1 ga Janairu 1973, an ƙara rijiyoyin mai a kwabo ɗaya, kwabo 25 kuma ya ɗauki gyaɗa da dalarta. Ba a yi shekaru da yawa ba dalar gyaɗar Kano ta ɓace, bayan fari da cutar da ta afka wa gyaɗa a tsakiyar shekarun 1970 da kuma komawar hankalin gwamnati kan man fetur. Wanda ya ajiye kwabo 25 na wancan lokaci yana riƙe da hoton abin da yaran yau ba su taɓa gani da ido ba.

Kwandalolin ƙarshe da aka fitar, a Fabrairun 2007, su ne kwabo 50, da naira 1 mai hoton Herbert Macaulay, da naira 2 mai ginin Majalisar Tarayya. Hauhawar farashi ta sa ba su da abin saye, 'yan kasuwa suka ƙi karɓa, suka ɓace daga hannu. Shi ya sa manyan bukukuwan ƙasar suka koma kan takarda: naira 50 ta cika shekara 50 da 'yanci a 2010, da naira 100 ta cika ƙarni ɗaya da haɗe Kudu da Arewa a 2014. Takarda kuwa 'yan shekaru take yi ta yage, alhali ƙarfe na iya kwana dubban shekaru a ƙasa a tono shi ana karanta rubutunsa. Badalar Kano, hasumiyar Gobarau ta Katsina, da tsaunin Sukur na Adamawa wanda UNESCO ta amince da shi a 1999, babu ɗayansu da ya hau kwandalar da ta yi yawo a kasuwannin ƙasar, kuma wannan rashi ne na gaske.

Bugawa, riba da daraja

Aikin yana farawa da zane a takarda. A da, mai sassaƙa kan yi babban samfuri da farar ƙasa, faɗinsa kamar faranti, sai wata na'ura ta bi shi a hankali tana rage girmansa tana sassaƙa shi a kan ƙarfe mai tauri. Yanzu kwamfuta ke yin yawancin wannan. Daga wannan uwar hatimi ake fitar da hatiman aiki, ɗaya na fuska ɗaya na baya, a sa fallen ƙarfe da aka yanka a zagaye tsakaninsu, a danna da ƙarfin tan masu yawa. Injin zamani na buga ɗaruruwa a minti ɗaya. Na masu tarawa kuwa a hankali ake yin su, a goge hatimi da fallen, a buga sau biyu ko fiye domin zanen ya fito sosai.

Gwamnati na samun riba ta hanya biyu. Idan kuɗin buga kwandala bai kai darajar da aka rubuta mata ba, bambancin na baitulmali ne, kuma duk wadda wani ya ɗauke daga kasuwa ya ajiye, sai an buga wata a madadinta. Hanya ta biyu ita ce sayarwa kai tsaye ga masu tarawa. Finland ce ta fara buga kwandala domin gasar Olamfik ta zamani, ta Helsinki a 1952, daga baya masu karɓar baƙuncin gasar suka mai da abin hanyar tara kuɗin shiri. Wannan ribar ta haifar da wata kasuwa mai rauni: kamfanoni masu zaman kansu kan sayi izinin amfani da sunan wata ƙaramar ƙasa, su buga kwandaloli masu hotunan taurarin fim ko abubuwan da ba su da alaƙa da ƙasar, waɗanda mutanenta ba su taɓa gani ba. Sunayen wasu tsibiran tekun Fasifik da na wasu ƙasashen Afirka sun sha fitowa a irin waɗannan. Kayan ado ne kawai, kuma sau da yawa mai saye ba ya mayar da kuɗinsa idan ya tashi sayarwa.

Abubuwa uku ke sa kwandala tsada: ƙarancinta, lafiyar jikinta, da yawan masu neman ta. Tsufa kaɗai ba ya isa. Fam rabi ta Ingila ta 2009 mai hoton hasumiyar lambun Kew, guda 210,000 kacal aka zuba a kasuwa, shi ya sa ake sayen ta da ninkin darajarta sau ɗari ko fiye. Yuro 2 ta Monako ta 2007 mai hoton Gimbiya Grace, wadda aka buga kimanin 20,000, tana kaiwa dubban yuro. Amma rubul ɗin da Tarayyar Sobiyet ta buga a 1970 domin cika shekara 100 da haihuwar Lenin, da yake miliyoyi masu yawa aka yi, ba ta da wata tsada. Haka kwabo mai huji da anini: an buga su da yawan gaske, don haka jita-jitar da kan ɓulla lokaci-lokaci cewa ana sayen su miliyoyin naira ba ta da tushe, kuma 'yan damfara ne suka fi cin moriyarta.

Shekarar da ke jikin kwandala ma ba kullum take nuna lokacin bugawa ba. Babbar kwandalar azurfa mai hoton Sarauniya Mariya Tereza ta Ostiriya, wadda fatake suka yi ciniki da ita a Kano da Borno a ƙarni na 19, maƙeran farfaru suka riƙa narkarwa suna yin zobba da mundaye, mata kuma suna ado da ita, duk wadda aka buga bayan rasuwar sarauniyar tana ɗauke da 1780. An ci gaba da buga ta da wannan shekara a Viyana da wasu biranen har cikin ƙarni na 20 da bayansa, ɗaruruwan miliyoyi. Yawancin waɗanda ake samu a gidaje darajarsu ita ce ta azurfar da ke cikinsu, wajen giram 23 a kowace ɗaya.

Wanda ya gaji tsofaffin kwandaloli, babban kuskuren da zai yi shi ne goge su da toka ko yashi ko ruwan batir domin su yi ƙyalli. Gugar tana cinye zanen, kuma masu saye sun fi son launin da shekaru suka ba ƙarfen. Ana riƙe kwandala ta gefe domin gumin yatsa na barin tabo, a ajiye ta a busasshen wuri, kowace a cikin takardarta don kada su riƙa gogar juna. Huda ta domin a rataya yana zubar da mafi yawan darajarta a wurin masu tarawa. Idan kuma tono ta aka yi a gona ko a kango, musamman in suna da yawa a tukunya, sanar da gidan adana kayan tarihi kafin a rarraba su yana da muhimmanci, domin wurin da aka same su, da zurfinsa, da irin kuɗin da ke haɗe a tukunyar su ne ke gaya wa masana lokacin da aka binne su da hanyar da ciniki ya bi ya kawo su. A Najeriya dokar 1979 da ta kafa hukumar kula da gidajen tarihi ta ƙasa ta hana fitar da kayan tarihi zuwa waje ba tare da izininta ba.